Da wa ake? Fashin baƙi kan gatse da habaici a soshiyal midiya

Idan aka sanar da ƙarin kuɗin wuta ko na mai, wani ya shiga ƙarƙashin labarin ya rubuta, "Madalla, Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya, dama kuɗin sun yi mana yawa," yabo ya yi ko suka? Wannan mai sauƙi ce, domin ƙarshen maganar ya tona shi. To, a cire ƙarshen, a bar "Madalla, Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya" kaɗai. Kafin a jima wasu sun yi masa ca suna kiransa ɗan koren gwamnati, wasu suna tura masa alamar dariya don sun gane inda ya dosa, sannan wani masoyin gwamnatin na gaskiya ya zo ya ce, "Amin, ɗan'uwa." Jimla ɗaya, fassara uku.

Tambayar da ke tasowa duk lokacin da irin wannan ya zama rigima a Facebook ko X ko zauren WhatsApp na unguwa ita ce: idan magana ta fito da baki biyu, wa ke ɗaukar alhakin ma'anarta, mai rubutu ko mai karatu? Kuma "wasa nake yi" da "ai ban kama suna ba" suna wanke mutum kuwa, a gaban jama'a, a gaban alƙali, a gaban malamai? A gari irin Kaduna amsar ba ta nishaɗi ba ce kawai.

Gatse daban, habaici daban

Yanzu ana yi musu kuɗin goro, amma Bahaushe ya raba su tun kafin a san waya. Gatse shi ne ka faɗi kishiyar abin da kake nufi, kana sane cewa mai saurare zai gane. Yaro ya kifar da miya, uwa ta ce, "Sannu, ka kyauta, saura tukunyar." Ba yaron da ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin umarni.

Habaici ba ya juya ma'ana, suna yake ɓoyewa. Abin da aka faɗa shi ake nufi, sai dai ba a ce da wane ake ba. "Wasu dai tun da suka samu muƙami suka manta hanyar unguwa." Kowa a majalisar ya san wasun, har da shi kansa. Zambo ya fi shi fitowa fili, domin ana siffanta mutum ne da muni, a faɗi kamanninsa da tafiyarsa da aibinsa har sai an gane shi ba tare da suna ba, kuma makaɗan fada sun daɗe suna amfani da shi a kan masu ja da ubangidansu. Shaguɓe da gugar zana su ne a taɓa ka a wuce kamar ba a yi ba. Baƙar magana galibi amsa ce, mai rufe bakin wanda ya tanka. Sai ba'a, wadda al'ada ta halatta tsakanin wasu mutane sanannu: jika da kaka, taubasai, Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari.

Dukkansu suna da sharaɗin da ba a faɗa, wato a kasance cikin mutanen da suka san juna. Matar da ke rera habaici a bakin turmi tana yi ne a tsakar gidan da kowa ya san abin da ya faru jiya. Kuma habaici yana da wani amfani da ba a cika yaba masa ba: yana barin mafita ga mutum biyu. Mai yi zai iya cewa ba da kowa yake ba. Wanda aka yi dominsa zai iya yin kamar bai ji ba, ya je ya gyara a asirce, girmansa bai zube ba. A al'ummar da kunya ta hana ƙarami ya dubi idon babba ya ce masa ya yi kuskure, wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

Abin da murya ke ɗauka, rubutu ya zubar

Rabin gatse a murya yake. Hausa kuwa harshe ne da hawa da saukar murya da tsayin wasali ke sauya ma'ana, amma a rubutunmu na yau da kullum ba ma nuna ko ɗaya, a waya ma yawancinmu ko ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba ma sakawa. "To" guda ɗaya tana iya zama na yarda, tana iya zama na ji amma ban gamsu ba, tana iya zama za ka gani. "Sannu da ƙoƙari" gaisuwa ce, amma idan aka ja ta aka haɗa da taɓe baki, ta zama mari. A allon waya dukkansu haruffa ne iri ɗaya.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, cikinsu akwai Justin Kruger da Nicholas Epley, sun wallafa binciken da aka sa mutane su aika wa juna jimloli ta imel, wasu na gaske wasu na gatse. Masu aikawa sun zaci za a gane nufinsu kusan kashi 80 cikin 100. Waɗanda suka karɓa sun gane kusan kashi 56 ne kawai, wato ɗan sama da canki-canka. Dalilin da masanan suka bayar shi ne, mai rubutu yana jin muryar kansa a zuciyarsa lokacin da yake rubutawa, sai ya ɗauka mai karatu ma yana jin ta. Wannan shi ya sa mai gatse kan yi mamaki na gaske idan aka yi masa mummunar fahimta. Ba kullum yake ƙarya ba.

Tun 1982 wani masanin kwamfuta, Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon, ya ba da shawarar a riƙa saka alamar murmushi a ƙarshen rubutu don a san wasa ne. Daga irin wannan tunani fuskokin da muke turawa yau suka yaɗu. Sai dai maganin ma ya zama makami. Tun da Facebook ya ƙara alamar dariya a 2016, an samu sabuwar hanyar cin mutunci wadda ba ta buƙatar kalma ko ɗaya: a saka ta a ƙarƙashin labarin rasuwa, ko na harin da aka kai wani ƙauye. Mai yin haka ya gama magana, kuma ba abin da za a ce ya rubuta.

Babbar asarar dai ba ta murya ba ce, ta mahalli ce. A teburin mai shayi a Tudun Wada ko Kawo, masu sauraronka sun san jam'iyyarka, sun san malamin da kake bi, sun san kai mai barkwanci ne tun kana yaro. A intanet rubutun yana tafiya shi kaɗai. Wani zai ɗauki hotonsa, ya yanke abin da ya gabata, ya tura zauren da ba wanda ya taɓa jin sunanka. Wata uku bayan haka ya sake bayyana a ranar da gari ya ɗauki zafi. Habaicin da aka nufi mutum ɗaya da shi sai ya koma jifa a cikin kasuwa, bai san kan wanda zai faɗa ba.

Me ya sa ake fakewa da shi?

Dalili na farko tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Mutanen Kaduna ba su manta da Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata ba, malamin jami'a mai zafin sukar 'yan siyasa a Twitter, wanda wasu mutane suka ɗauke a gidansa da ke Barnawa a watan Agustan 2019, shekaru suka yi ta wucewa ba labarinsa. A watan Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a kan hoton uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari, cewa su Mama an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. An kai shi kotu a Abuja, sai da ɗalibai da jama'a suka yi ca sannan aka janye ƙarar. A wancan watan na Nuwamban 2022 dai, wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. Duk wanda ya ga waɗannan ya koyi darasi ɗaya, cewa a faɗi magana a karkace ya fi aminci. Shi ya sa bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sharhin talaka ya cika da "mun gode" da "jiki magayi" da addu'o'in da kowa ya san ba addu'a ba ce.

Na biyu, gatse yana da kasuwa. Dogon bayani mai hujja ba ya samun masu yaɗawa kamar baƙar magana mai kalma shida. Shafukan an gina su ne su tura abin da ya fi jawo martani gaba, kuma ba abin da ke jawo martani irin maganar da rabin mutane ke dariya, rabi ke fushi. 'Yan siyasa sun gane haka, shi ya sa sojojin baka da a da suke gidajen rediyo yanzu suna da ƙanne a waya.

Na uku shi ne wanda ba a so a faɗa: ragwanta. Akwai mai son ya yi wa mutum ƙazafi ba tare da ya ɗauki nauyin kawo hujja ba. "Allah dai ya san inda wasu 'yan mata ke samun kuɗin iPhone." Bai ce komai ba, kuma ya ce komai.

Kaduna: harshe ɗaya, kunnuwa biyu

A Kano ko Katsina, yawancin masu karanta sharhin Hausa sun taso cikin al'ada ɗaya da addini ɗaya. Kaduna ba haka take ba. Hausar da ake yi a Rigasa da Badarawa da Unguwar Sarki ita ake yi a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, ita ake wa'azi da ita a masallaci, ita ake waƙa da ita a coci. Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Ham suna jin ta sarai, da yawa ma da ita suka tashi. Tun bayan rikicin addini na shekarar 2000 mazauna garin suka rarrabu, akasarin Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, akasarin Kirista a kudancinsa. Sakamakon shi ne, an samu matasan da ba su yi makwabtaka ba, ba su yi aji ɗaya ba, ba su da wasan ba'a a tsakaninsu, amma suna haɗuwa kullum a ƙarƙashin labari ɗaya, da harshe ɗaya.

A nan gatse ke rasa sharaɗinsa. Ba'a tana aiki ne inda aka riga aka amince da juna. Idan Bakano ya tsokani Bazazzagi, dukkansu sun san ba za a kwana da abin ba. Amma idan aka kai hari wani ƙauye a Kajuru ko Zangon Kataf ko Birnin Gwari, wani ya rubuta, "Ai su masu zaman lafiya ne, ba sa taɓa kowa," wanda ya rasa ɗan'uwa a daren ba zai tsaya nazarin adabi ba. Zai karanta cewa ana yi wa gawarsa dariya, ko ana ɗora wa dukkan al'ummarsa laifi. "Su" ɗin nan, da "mutanen can", da "'yan'uwanmu na ƙetaren gada" idan aka faɗe ta da wata manufa, sun fi zagi kai tsaye illa, domin zagi yana da iyaka, mutum ɗaya ya samu. Habaici kuwa kowa na iya shigar da kansa ciki, ko ya shigar da wanda ya tsana.

Garin ya taɓa ganin abin da jimla ɗaya ke iya kunnawa. A watan Nuwamban 2002, wata magana da aka rubuta cikin sigar raha a jaridar ThisDay game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ta taɓa martabar Manzon Allah (SAW). Jaridar ta nemi afuwa, amma rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka sama da 200 a Kaduna, akasarinsu mutanen da ba su ma ga jaridar ba, aka kuma mayar da gasar Landan. Ba jimlar ce kaɗai sanadi ba, raunin 2000 bai warke ba a lokacin, kuma ba abin da ke halatta jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Amma a tuna, wancan rubutun sai da ya bi ta hannun editoci. Yau kowa editan kansa ne.

"Ban kama suna ba": me doka da fiƙihu suka ce?

Da yawa suna zaton rashin ambaton suna garkuwa ce. A shari'ar ɓata suna ba haka abin yake ba. Kotu ba ta tsayawa kan baƙaƙen kalma, tana tambaya ne: mutum mai hankali da ya san yanayin, me zai fahimta, kuma wa zai gane ana nufi? Idan ka ce "wani kansila mai jar mota a unguwarmu" alhali kansila ɗaya ne mai jar mota, ka kama suna. Haka idan aka kawo shaidun da suka ce sun karanta sun gane da wane ake, kuma sun gane yabon da aka yi masa na juyawa ne. A Arewa ɓata suna ba ƙarar diyya kawai ba ce, laifi ne a ƙarƙashin dokar Penal Code.

Sai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka fi kama mutane da shi. A yadda aka fara rubuta shi, ya haɗa har da saƙon ƙarya da aka aika don ɓata rai ko cin fuska ko tayar da hankali, da hukuncin tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun. Kalmomi masu faɗi irin waɗannan kowane mai iko zai iya shigar da duk abin da ya ɓata masa rai a ciki. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta kuma sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita shi ga saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne kuma ya aika don karya doka da oda ko jefa rayuwa cikin haɗari. A takarda, gatse a kan tsadar rayuwa bai shiga nan ba. A aikace ana ci gaba da kama mutane da sunan sashen, kuma kwana biyu a hannun 'yan sanda hukunci ne ko da alƙali ya sallame ka daga baya.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, fiƙihun da aka fi karantarwa a zaurukanmu ya fi kotu tsanani a nan. Malaman Malikiyya suna kiran jirwayen ƙazafi ta'aridi, kuma a wurinsu idan aka fahimci cewa zina ake jingina wa mutum, haddi ya hau ko da ba a furta ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a zamanin Sayyidina Umar, ɗaya ya ce wa ɗayan, shi dai ubansa ba mazinaci ba ne, uwarsa ma haka. Da Umar ya nemi shawara, wani ya ce ai iyayensa ya yaba. Wasu suka ce iyayen nasa suna da abin yabo ban da wannan. Umar ya yi masa bulala 80. Wasu mazhabobin, irin Hanafiyya, ba su kai ta'aridi ga haddi ba, amma ba su ce halal ne ba, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da aibata juna da jifa da munanan laƙabi. Mai habaicin iPhone ɗin can ya duba inda ya tsaya.

Ina ya kamata a ja layi?

Masu kare gatse suna cewa shi ne abin da ya rage wa talaka. Ba ya iya kai gwamna kotu, ba ya da gidan rediyo, to a bar shi ya yi dariyar halin da yake ciki. Suna kuma tuna mana cewa tun zamanin tsofaffin jam'iyyun NEPU da NPC da waƙa da zambo ake siyasar Arewa. Masu adawa suna cewa abin ya wuce gona da iri, ya koya wa yara raina manya da malamai, ya sa ba a iya tattauna komai da gaske.

A ganina ɓangarorin biyu suna magana ne kan abubuwa biyu mabambanta. Gatsen da ya nufi mai mulki a kan aikinsa ya cancanci kariya, ko da ya yi ɗaci, kuma shugaban da ke tura 'yan sanda saboda an yi masa shaguɓe ya tabbatar da shaguɓen ne. Amma wanda ya nufi mutuncin mace, ko wata ƙabila gaba ɗaya, ko abin da mutane ke bauta wa, ko gawa, wannan ba jarumta ba ce, domin wanda aka jefa ba shi da hanyar kare kansa. In ya yi shiru an ce gaskiya ce, in ya tanka an ce wanda ya tsargu da shi ake. Mafitar da habaicin gargajiya ke bar wa mutum biyu, a intanet mai rubutu kaɗai ya riƙe ta.

Wanda abin ke faɗawa kansa

Ba manya ne suka fi shan wahalar wannan ba, su suna da lauyoyi da masu kare su. Mai sayar da atamfa ce a Instagram, da wata ta rubuta mata "kayan kirki kam, wanki ɗaya suka nuna halinsu," masu saye suka watse ba tare da an san ko ta taɓa sayen kayan ba. Amarya ce da dangin miji suka ɗauki hoton karin maganar da ta saka a sitatus, aka kira zaman sulhu a kan abin da ta ce ba da kowa take ba. Matashi ne da ke neman aiki, aka tono masa gatsen da ya yi shekara huɗu baya, aka karanta shi a matsayin ra'ayinsa na gaske. Akwai kuma labarin da wani ya ƙirƙira don dariya, cewa gwamnati za ta fara karɓar harajin kaza, wanda kafin ya isa wayar dattawa ta WhatsApp alamar dariyar ta faɗi a hanya, ya zama sanarwa.

Kada kuma a sa rai kamfanonin za su tace. Na'urorinsu suna farautar kalmomin zagi ne, su kuwa waɗannan maganganu da kalmomi masu tsabta ake yin su. "Allah ya saka musu da abin da suka shuka" addu'a ce a idon na'ura, ko da an rubuta ta a ƙarƙashin hoton gidajen da aka ƙone. Sau da yawa ma abin juyewa yake: a rufe shafin wanda ya fusata ya mayar da martani da zagi a fili, a bar na wanda ya tsokano shi da ladabi. A zaurukan unguwa da na tsofaffin ɗalibai, inda Musulmi da Kirista na Kaduna suka fi cakuɗuwa, nauyin ya koma kan admin, mutumin da ba a biyansa ko sisi, wanda zai yanke cikin minti biyu ko "to, madalla" ɗin da wani ya rubuta ta fatan alheri ce ko ta neman faɗa, kuma duk wadda ya zaɓa, rabin zauren zai ce ya yi son kai.